Na Je Wankan Jego Hong Kong, Aka Yi Mana Biki a Kan Kwali

Da 'yar yayana ta haihu a watan Oktoban 2024, babu wanda ya yi gardamar cewa ni ce mai tafiya. Mahaifiyarta ta rasu tun tana aji uku na sakandare, a ɗakina ta ƙarasa girma, ga shi haihuwar fari. Da a Kaduna ko Kano take aure, mota za a tura a ɗauko ta ta zo wankan gida. To mijinta karatun digiri na uku yake yi a wata jami'a a Hong Kong, ita kuma ta bi shi shekara biyu ke nan. Tunda ba ta samu zuwa gida ba, sai gidan ya naɗe tabarmarsa ya bi ta.

Bizar Hong Kong daban take da ta Chaina, duk da cewa Ingila ta mayar wa Chaina garin tun 1997. Mijin ne ya yi ta fama da takardun tun cikin yana wata shida. Tikiti kuwa ya ci sama da naira miliyan biyu, sai da 'yan'uwa suka haɗa hannu. Na cika akwati ɗaya da garin kunun kanwa, kanwa ungurnu, yajin jego, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, tsamiya, ƙuli-ƙuli da zoɓo kwano biyu. Kilishin da na saya na bar wa yara, don sun yi ta jaddada mini a waya kada in kuskura in zo da nama.

Na bar Zariya bayan sallar asuba a motar haya daga Kwangila. Titin Kano ya yi kyau yanzu, ba don shingaye ba da mun isa tun hantsi bai ɗaga ba. A shinge na biyu wani jami'i ya leƙo, ya shaƙi ƙamshin but ɗin motar, ya ce, "Hajiya, kasuwa za ki buɗe?" Na ce masa jego za ni. Ya yi addu'a ya ɗaga mana hannu. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Adis Ababa, daga can kuma sama da awa 10 a sama, ba abin da zan ba da labari sai ƙafafuna da suka kumbura da matashin da ke gefena da ya yi ta minshari har muka sauka.

A filin jirginsu ba sa buga hatimi a fasfo. Wata 'yar guntuwar takarda suke ba ka, mai ɗauke da ranar da za ka fita, ka kuma riƙe ta kamar ranka. Tambayoyi dai na sha: wa na zo gani, ina zan kwana, ina tikitin komawa. Wajen kwastan aka ce in buɗe akwati. Yarinyar da ke dubawa ta kwance ƙullin daddawa, ta ja da baya kaɗan, sannan ta kira abokin aikinta. Na yi musu bayani da Turancina na tsohuwar malamar makaranta cewa 'ya'yan itace ne aka dafa aka ruɓar. Namijin ya sunsuna ya gyaɗa kai, ya ce su ma suna da irinta ta waken soya. Suka ƙulle mini kayana da kansu.

Surukin nawa na jirana a waje. Muka hau bas mai bene, muka haye wata doguwar gada a kan teku, ni kuwa sai salati nake yi duk lokacin da muka sha kwana, don a hagu suke tuƙi. Agogonsu na gaban namu da awa 7. Na kwana uku ina barci da rana, da dare in yi ta zare ido tare da jaririya.

Masaukin shi ne abin da ya fara karya mini gwiwa. Hawa na 14 ne a wani tsohon bene a ɓangaren Kowloon. Falon da kicin ɗin da ɗakin, in aka haɗa su, ba su kai ɗakin kwanana na Zariya ba, amma kuɗin hayarsa a wata ya doshi naira miliyan biyu. Katifata sai an naɗe ta da safe kafin a buɗe ƙofar fita. Ba garwa, ba itace, ba ganyen darbejiya. Da butar lantarki da bokitin roba da tawul na yi wa 'yata wankan jego, a banɗakin da in na sunkuya bayana na taɓa ƙofa. Da na tambaye ta yadda sunan ya kasance, sai ta yi shiru, can ta ce, "Gwaggo, maza biyar ne suka zo daga masallaci, aka yi addu'a, suka sha lemo suka tafi. Ragon a Zariya kuka yanka, ku kuka ci. Ko guɗa ɗaya ba a yi mini ba." Ta faɗa tana dariya, amma ni na raine ta.

Kwana biyu da zuwana aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata gajeruwar mace ce mai ɗan ƙaramin hijabi, za ta yi shekara arba'in da wani abu, riƙe da gorar roba cike da wani ruwa ruwan ɗorawa. Ta yi sallama, ta kama hannuna ta kai goshinta. 'Yata ta ce, "Gwaggo, ga Mbak ɗin da nake ba ki labari." Mbak ba sunanta ba ne, haka mutanen Jawa ke kiran mace, kamar mu ce yaya. 'Yar Indunusiya ce daga Ponorogo a gabashin tsibirin Jawa, tana kula da wata tsohuwa 'yar Chaina a ƙofar da ke kallon tamu. Abin da ke cikin gorar jamu ne, haɗin kurkur da tsamiya da sukarin kwakwa, wanda suke ba mai jego. Na kurɓa, na ce wannan ai tsimi ne da ya yi karatun boko. Ashe tun daren da naƙuda ta tashi, ita ta riƙe 'yata a cikin lif, ita ta tsayar da tasi.

Da wane baki muka yi magana? Turancinta kaɗan ne, yaren Kanton na mutanen garin take ji kamar ruwa. Amma kafin ta zo nan ta yi shekara shida tana aikatau a Jidda. Da na jefa mata ɗan Larabcin Islamiyya da na Umara, sai ta dafa ƙirji. Ta ce ta san mutanenmu, ta yi aiki gida ɗaya da wata Bakanuwa wadda ta koya mata cin tuwo. Da Larabcin kasuwa da hannu da ido muka yi mako biyar muna hira, kuma ban tuna ranar da muka kasa fahimtar juna ba. Kalmomi ma suka yi ta karo: kabar ɗinsu labarinmu, sabun ɗinsu sabulunmu, Ahad ɗinsu Lahadinmu.

Tsohuwar tata ma ba a bar ta a baya ba. Su ma mai jego wata guda take yi a ɗaka, ana ɗirka mata citta. Abin da suka saba aikawa shi ne ƙafar alade da aka dafa da citta da ƙwai a cikin baƙin ruwan tsami mai zaƙi. Mbak ta yi mata bayani, sai ta sa aka sayo sabuwar tukunya, aka dafa cittar da ƙwai zalla aka kawo. Kullum muka haɗu a lif sai ta ce mini wani abu mai kama da "sik co fan mei". Na ɗauka tambayar jaririya take yi. Ashe gaisuwarsu ke nan: kin ci shinkafa?

Ranar Juma'a surukina ya kai ni babban masallacin Kowloon da ke kan titin Nathan. An fara gina shi a 1896 saboda sojojin Indiya Musulmi da Turawa suka kawo, ginin yanzu kuma na 1984 ne. Da muka fito ya ratsa da ni Chungking Mansions, wani bene mai hawa 17 da 'yan kasuwar Afirka da Indiya da Pakistan suka mayar gida. Sabon Gari ce aka ɗora a tsaye. A nan na canza kuɗi, na sayi naman halal wajen wani Bapakistane, na kuma ji wani na waya da Hausar Nijar a bakin lif. Ban tsaya ba, zuciyata na kan jaririya.

Lahadi ta biyu Mbak ta ce sai na bi ta. Na dafa zoɓo tun daren Asabar, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, na cika goruna huɗu, na daka ƙuli-ƙuli da yaji a leda. Muka haye ruwa da jirgin fito na Star Ferry, kuɗinsa bai kai dalarsu 7 ba, sannan muka hau ɗan siririn jirgin titi mai bene da suke kira ding-ding, a lokacin dala 3 ne ko ina za ka, har Causeway Bay.

Ban taɓa ganin mata da yawa haka a wuri ɗaya ba sai a Arafa. Tun daga bakin titi, ƙarƙashin gadoji, gindin bishiyoyi, har cikin filin Victoria Park, ko'ina mata ne zaune rukuni-rukuni a kan kwali da ledar shimfiɗa. Masu aikin gida 'yan ƙasar waje a Hong Kong sun haura 350,000 a garin da ke da mutane wajen miliyan bakwai da rabi. Fiye da rabinsu 'yan Filifin ne, mafi yawan sauran 'yan Indunusiya. Doka ta tilasta musu kwana a gidan uban gida, ta kuma ba su hutun yini ɗaya a mako. Ka haɗa biyun ka ga abin da zai fito: ranar hutunka ba ka da ɗakin da za ka huta, balle ka karɓi baƙo. Mbak a kan 'yar katifa take kwana a gefen gadon tsohuwarta. Wata a rukuninsu ta nuna mini hoton makwancinta a waya, kanta ne a saman injin wanki.

Abin da suka yi da kwalin shi ya tsaya mini a rai. Ba yar da shi suke yi su zauna ba. Suna yanka shi su tayar da bango iya gwiwa, su ɗaure kusurwa da igiya, su bar ƙofa. A bakin ƙofar takalma ne jere. Na zo zan taka da silifas ɗina, wata yarinya ta yi murmushi ta nuna mini layin takalman, kunya ta kama ni kamar na shiga ɗakin amarya da ƙazanta. Na tuɓe, na yi sallama, aka amsa. Suka ba ni wuri mai jingina, suka sa mini suna Umi, ƙananan suka yi ta zuwa suna kai hannuna goshinsu.

Sai aka fara buɗe robobi. Wasu sun dafa da dare in uwar gida ta yarda a taɓa mata murhu, wasu sun sayo a shagunan 'yan ƙasarsu da ke titin Sugar. Aka zuba mini dafaffen ganye da tsiron wake, aka kwarara masa miyar gyaɗa mai yaji. Suka ce sunansa pecel, c ɗin irin namu. Na kai loma ɗaya na ajiye cokali na ce, "Wannan kwaɗo ne!" Na zaro ledar ƙuli-ƙulina na barbaɗa a kai, robar ta zagaya hannu goma sha, ta dawo wayam. Tsirensu, sate, da miyar gyaɗa ake ci. Tempe kuwa waken soya ne da aka bari ya kama jikinsa, a yanka a soya. Ɗan'uwan daddawa ne da bai yi wari ba. Barkononsu na sambal ya sa ni hawaye, ni da nake taƙama da cin yaji. Zoɓona ma bai ba su mamaki ba yadda na so. Sun san shi, rosela suke ce masa, sai dai ba su taɓa shan sa da kanumfari ba.

Ba 'yan Indunusiya kaɗai ba ne a ɗakin kwalin. Akwai wata 'yar Filifin, Kirista, da ta zo daga coci kai tsaye, suna ce mata Ate, wato yaya a bakinsu. A bene ɗaya suke aiki da wata a rukunin, a ƙofar makarantar yaran da suke kaiwa suka saba. Ta zo da farfesun kaza, ta riga kowa cewa kazar daga shagon halal take, tukunyar ma ta musamman ce. Na leƙa na ga wani ɗan ganye yana yawo a kai. Zogale! Ita ta ce malunggai, 'yan Jawa suka ce kelor, ni na ce zogale, muka yi ta maimaita sunayen kamar 'yan aji ɗaya. Da ta ji mai jego gare ni, ta juye rabin farfesun a roba ta ce in kai mata, yana kawo ruwan nono. Akwai kuma wata 'yar Sri Lanka mai shiru-shiru, wadda 'yan ƙasarta ba su da yawa a garin, sai suka ɗauke ta. Da yaren Kanton suke magana da ita. Harshen iyayen gidansu ne ya zama na zumuncinsu.

Bayan azahar aka fito da littafi da gwangwani. Kowa ta miƙa kuɗi, aka girgiza gwangwanin, takarda ta faɗo, aka yi shewa. Ba sai an fassara mini ba. Arisan suke ce masa, Ate ta ce su paluwagan, ni kuwa na yi shekara 20 ina uwar adashe a makarantarmu. Na tambayi albashi. Mafi ƙarancin da gwamnati ta yanka a lokacin dalar Hong Kong 4,990 ne a wata, wanda a canjin ranar ya haura naira miliyan ɗaya. Na yi lissafi da dubu 70 ɗinmu na ji jiri. Amma Mbak ta lissafa mini nata da yatsu: watannin farko na dillalin da ya kawo ta ne, sai kuɗin makarantar 'ya'ya biyu, maganin uwa, bulon ginin da ba a gama ba. Kuma in uban gida ya sallame ki, mako biyu gare ki ki bar garin. Autanta yana shekara uku ta baro shi. Yanzu ya fi ta tsawo, ta waya ta ga tsawon.

A nan na tuna yarinyar da ke mini aiki a gida, wadda aka kawo mini daga wani ƙauye a bayan Giwa. Na yi ƙoƙarin tuna ranar hutunta, ban samu ba. Zoɓon ya ɗan yi mini ɗaci a baki.

Kwanakin tsakiya wanka ne da kunu da wankin tsumma. Sau ɗaya muka je masallacin Ammar da ke Wan Chai, inda ake da gidan abinci a hawa na 5, na ci ɗan waken Chaina mai nama a ciki ba tare da fargabar abin da aka sa ba. Sau ɗaya kuma Ate ta zagaya da ni Central, inda 'yan Filifin ke taruwa a ƙarƙashin ginin bankin HSBC da kan titin Chater da ake rufewa ranar Lahadi, suna ɗinke manyan kwalaye da tsarabar gida.

Wata ranar Laraba Mbak ta shigo da kalanda a hannu. Ta ce mutanen Jawa na da mako biyu da ke tafiya tare, mai kwana 7 da na kasuwa mai kwana 5, kuma sai bayan kwana 35 suke sake haɗuwa a inda suka fara. Ranar ake yi wa jariri biki, selapanan. Jaririyarmu ranar Lahadi aka haife ta, shi ya sa nake ce mata Ladi, don haka kwana 35 ɗinta Lahadi zai faɗo, ranar hutunsu. Ta ce sun riga sun yi karo-karo. Na ce a'a, mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, saura kwana biyar. 'Yata ba ta ce komai ba, ta dai sunkuyar da kai tana gyara wa Ladi hula. Da dare na ce da mijinta ya nemo tasi, a rufe su da kyau.

Sun haɗa kwali ya kai na ɗaki uku. A tsakiya ga shinkafa ruwan ɗorawa an tula ta kamar hular malafa mai tsini, tumpeng, kewaye da ƙwai da kaza da tempe da ganye. Ate ta kawo taliyarsu ta pansit, ta ce dogon zare dogon rai. 'Yar Sri Lanka ta kawo shinkafar madarar kwakwa a yanke kamar alawa. Tsohuwar ƙofarmu ta aiko da ƙwai guda 12 da aka rina ja. Ni kuma na kwana ina tuƙa tuwon shinkafa a tukunyar lantarki, sau uku, da miyar kuka da ta ji daddawa. Wasu mata shida masu kaya iri ɗaya suka zauna da 'yan gangunan tafi da hannu, rebana, suka fara salatin Annabi. Mandiri ne sak, har tsigar jikina ta tashi. Aka zagaya da Ladi hannu-hannu, kowa ta shafa kanta ta yi addu'a da yarenta, Ate ma ta yi tata. Wata ta riƙe ta ta ƙi saki, tana kuka ba sauti; aka raɗa mini cewa ta baro nata yana wata takwas.

Aka miƙo wa 'yata wuƙar roba ta yanke kan shinkafar. Ta yanka, ta rasa wa za ta ba, suka nuna ni. Ban san lokacin da na kama hancina na rangaɗa guɗa ba, a tsakiyar Victoria Park, har wani mai gadi ya waiwayo. Matan suka yi tsit, sannan suka fashe da dariya, suka ce sai na koya musu. Mun fi rabin awa ana gwadawa. 'Yar Sri Lanka, mai shirun nan, ita kaɗai ta iya.

Miyar kuka dai, in faɗi gaskiya, ba ta samu karɓuwa ba. Sun ci don kunya, suna ɗaga cokali suna kallon yauƙin. Tuwon suka cinye da sambal.

Ƙarfe bakwai aka fara kwance igiya. Kowa na duba agogo, don yawancinsu an yanka musu lokacin komawa. Suka share wurin tsaf, aka tara kwalayen a gefe, wata tsohuwa mai kura ta zo ta kwashe za ta kai wa masu saye. Cikin minti 20 ba ka ce an yi biki a wurin ba.

Na taso kwana uku bayan arba'in. Mbak ba ta samu raka ni ba, ranar aiki ce. A bakin lif muka yi sallama, ta cusa mini wani ƙulli a jaka ta ce kada in buɗe sai na isa. Na bar mata ragowar zoɓo da kanumfari. A Kano, jami'in da ya buɗe akwatina ya kwance ƙullin ya kawar da kai da sauri ya ce, "Hajiya, mene ne wannan ya mutu?" Terasi ne, niƙaƙƙun ƙananan jatan lande da aka ruɓar, wanda ake sa wa sambal. Na ce masa daddawar wasu mutane ce. Ya ƙulle mini da kansa, ya ce in yi sauri in wuce.